Fim ɗin da ya rage a kyamarar Malam

Shekara huɗu mijina ya yi yana ɗaukar hoton Hausawan Kuala Lumpur, a suna, a walimar gama karatu, a ƙaramar sallah da babba, kuma a cikinsu ba a samu mutum ɗaya da ya taɓa ce masa, Malam kawo kai ma in ɗauke ka. Wannan ita ce ƙarata a kansu. Na faɗa musu a gaban idonsu, ga shi ina rubutawa, kuma ban janye ta ba. Sun yi mini alheri da yawa bayan rasuwarsa, sun ciyar da ni, sun yi ta zirga-zirgar takarduna, Allah ya saka musu. Amma ranar da za su sanar da mutuwarsa a guruf ɗinsu na waya, hoton fasfo suka saka, wanda aka ɗauke shi tun a Kano, ya ƙame kamar mai jiran hukunci, gemunsa baƙi wuluk. Mutumin da na sani a ƙasar nan furfura ta cinye masa rabin gemu, kuma ba ya iya minti biyar bai yi murmushi ba.

Ni ba 'yar boko ba ce ta asali. Ina da 'ya'ya uku na fara riƙe fensir, a ajin manya na unguwarmu, a kan benci ɗaya da matan da wasu sun yi jika da ni. Saboda haka abin da zan faɗa game da karatun Malam, yadda ya gaya mini da Hausa zan faɗe shi, a bakin murhu ko a kan tabarma, don littattafansa na Turanci ne da Faransanci, ni kuwa Turancina na sayen magani ne da karanta allon tasha.

Malamin koyar da hoto ne a wata kwaleji a gida. Tun yana yaro ya yi yaron shago a wajen wani mai hoto a Fagge, can ya koyi wankin hoto da bugu. Da gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa na digiri na uku aka turo shi Malesiya, ya taho da ni, muka bar yaran a wajen mahaifiyarsa, Inna, don kuɗin makarantar yara a nan ya fi ƙarfinmu. Muka kama gida a Sri Petaling, can sama a wani dogon bene, ɗaki biyu da baranda.

Abin da yake bincike a kai shi ne tarukan farko da masu ɗaukar hoto da masanan kimiyyar hoto na ƙasashe daban-daban suka yi, fiye da shekara ɗari da suka wuce. Da farko dariya abin yake ba ni.

Na ce masa, “Ni fa Malam na kasa gane karatun nan naka. Bahaushe, a ƙasar Malesiya, yana bin diddigin taron Turawan da suka mutu tun kakansa bai yi wayo ba.”

Ya ce, “To ke da kika gane, me zan karanta?”

“Abin da ake ci.”

“Ai shi kike ci. Wannan shinkafar ta ina kike tsammanin ta fito?”

A hankali dai ya riƙa ba ni labarin har ya shiga kaina. Ya ce a wancan zamani kowace ƙasa da irin awonta. Idon kyamarar da aka ƙera a wannan gari ba zai ɗauru a akwatin da aka ƙera a wancan ba. A kan gilashi ake ɗaukar hoto a lokacin, kuma girman gilashin kowa daban. Aiki ɗaya sai ka ji suna uku, kowa yana cewa nasa ne daidai. Shi ne suka hau jirgin ruwa da na ƙasa suka haɗu a Paris, daga baya a Brussels, suka kwashe kwanaki suna musu a kan awo da sunaye. Na ce ashe su ma taron dillalai suka yi, kamar a ce 'yan hatsi sun zauna a daidaita kwanon awo. Ya ce wallahi da farfesansa zai ji Hausa da ya ba ni digirin ya huta.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne maganar kwastan. Ya ce cikin abubuwan da suka tattauna har da ɓarnar da ake yi musu a kan iyakar ƙasa. Gilashin hoto da ba a wanke ba, in haske ya taɓa shi ko na ƙiftawar ido ne, ya tashi aiki. Mutum zai yi tafiyar watanni, ya hau dutse, ya ratsa ruwa, ya ɗauko hotunansa ya rufe a akwati, ya iso kan iyaka ma'aikacin kwastan ya ce buɗe mu gani. In ya ce ba a buɗewa, sai zargi ya ƙaru. A buɗe da rana tsaka, ma'aikaci ya ga gilashi ba komai a jiki, ya ce to wuce. Mai kaya ya wuce da akwatin da babu sauran komai a cikinsa. Shi ya sa suka nemi a riƙa duba irin wannan kaya a ɗaki mai duhu. Malam ya ce fim ma haka yake har gobe, kuma injin da ke leƙa cikin jaka a filin jirgi shi ma yana iya cinye shi. Duk lokacin da ya zo nan a labarin sai ya girgiza kai, kamar shi aka yi wa.

Ya buga hoton ɗaya daga cikin tarukan ya manna a bango, saitin inda muke cin abinci. Maza ne jere a kan matakalar wani gini, da huluna da gashin baki, wasu a zaune wasu a tsaye. Akwai wani a gefe da fuskarsa ta dagule kamar an shafa ta da yatsa. Malam ya ce motsi ya yi, don a lokacin sai an ɗan daure a tsaye cak kafin hoto ya kama.

Wata rana muna cin tuwo ya nuna hoton da cokalin miya. “Wa kika ga babu a nan?”

Na duba na ce, “Mata.”

Ya yi dariya har ya ƙware. “Wannan ma gaskiya ne. Sai wa?”

“Baƙar fata.”

“Shi ma haka ne. Saura ɗaya.”

Na ce na gaji, ya faɗa.

“Wanda ya ɗauka. Duba fa, kowa a nan mai hoto ne, manyan gwanayen duniya. Amma dole ɗaya ya fita daga layi ya shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle. Na fi wata ina neman sunansa ban samu ba.”

Na ce, “To ai kai ke nan.”

Ya ce shi bai damu ba, fuskarsa ba ta cikin abin da tarihi zai yi asara. Na bar maganar a nan, muka ci gaba da cin tuwo.

Haka kuwa yake a kowane taron mutanenmu. In an yi sallah mukan haɗu a zauren da ke ƙasan wani bene, ko a filin shaƙatawa, maza gefe mata gefe, kowa ya kawo abin da ya dafa. Waina, dambu, wani lokacin har da kilishin da wani ya shigo da shi daga gida. Da an gama ci sai ka ji, Malam zo ka ɗauke mu. Shi kaɗai ne namijin da ke tsallakowa ɓangaren mata, don shi ne babba a cikin ɗaliban, kuma ga furfura. Yana da kyamarar zamani da yake yi wa jama'a aiki da ita, sai wata tsohuwa baƙa mai fim wadda yake ji da ita kamar ɗa. Wayoyin mata cike suke da hotunan mata. Maza kuwa in sun jeru, shi ne a gabansu yana cewa Dakta matso, Injiniya cire gilashi. Kowa ya tafi gida da hotonsa. Bayan rasuwarsa na bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya a waya. A wani na ga inuwarsa a kan ciyawa, a wani na ga gwiwar hannunsa a madubin zaure. Iyakar abin da na samu ke nan.

Da korona ta zo aka kulle gari, taro ya mutu. A farkon kullen maigida kaɗai aka yarda ya fita cefane, sai ga mazanmu a kasuwa da waya a kunne suna tambayar yadda alayyahu yake. Malam ya taɓa dawo mini da wani ganye da har yau ban san sunansa ba, ya rantse mai kedai, wato mai shagon, ta ce shi ne. Muka yi miya da shi, ya sha yana yabawa don kada in yi magana. Ya ɗauki hoton duk abin da ke gidan har ya gaji, tukunya, tantabarar baranda, titin da babu mota, layin jirgin ƙasa da ke wucewa fayau ba kowa a ciki. Ni ma ya ɗauke ni har na fara ɓuya.

Wata la'asar ruwa ya ɗauke, rana ta fito ta bugi bangon falo. Yana zaune yana goge tsohuwar kyamarar, ya ce ya saka sabon fim amma ba abin ɗauka.

Na ce, “Kawo in ɗauke ka.”

Ya ɗago ya dube ni. “Ke?”

“Ni. Ko hannuna bai kai ba ne?”

“Wannan ba waya ba ce fa, da za ki danna goma ki zaɓi ɗaya.”

“Wadda ta koyi baƙi da 'ya'ya uku ai za ta iya danna maɓalli. Je ka sa shuɗiyar rigarka.”

Ya tafi yana gunaguni, amma ya sa rigar, har da hula. Ya jawo kujera kusa da ƙofar baranda inda hasken yake, ya saita komai da kansa, ya nuna mini inda zan tsaya. Ya ce in manna gwiwar hannu a haƙarƙari, in ja numfashi in riƙe, in danna a hankali kamar mai taɓa idon jariri. Na sa ido a 'yar tagar, na gan shi ƙarami a ciki, ya haɗe rai ya miƙe wuya.

Na ce, “Malam, ka zama Baturen bango. Saura gashin baki.”

Ya fashe da dariya, ni kuma a daidai nan na danna. Ya ce na ɓata masa fim, ya motsa, zai fito kamar mutumin nan mai dagulalliyar fuska. Na ce a sake. Ya ce a'a, fim tsada gare shi yanzu, sauran na sallah ne in an buɗe gari, a ɗauki jama'a. In ya ƙare sai ya kai wa tsohon nan na Sentul ya wanke, a ga abin da na yi. Tsohon wani Basine ne, wato ɗan asalin ƙasar Sin, mai shagon hoto a saman bene a unguwar Sentul, cikin 'yan kaɗan da suka rage masu wankin fim. Sau ɗaya Malam ya taɓa zuwa da ni wajensa, suka yi ta hira da guntun Turanci da guntun Malayanci, ni ina zaune ina shaƙar warin sinadari.

Sallah ta zo ba a yi taro ba, wata ma ta zo haka. Aka buɗe gari kaɗan, aka sake kullewa. Kyamarar tana cikin jakarta a saman kwaba, da fim ɗin a ciki.

A shekara ta biyu da zuwan korona cutar ta shigo gidanmu. Ni ce na fara, zazzaɓi da rashin jin ƙamshi, na warke. Shi nasa ya sauka a ƙirji. Layin rigakafi bai zo kansa ba tukuna. Da numfashi ya fara gagararsa motar asibiti ta zo da hantsi, mutane biyu cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Da ƙafarsa ya fita. A bakin lif ya juyo ya ce in kwashe shanyar da ke baranda, hadari ya haɗu. Ban sake ganin fuskarsa ba.

Kwanakin farko yana kira. Daga baya maganar ta koma guntu-guntu, kalma biyu ya huta. Daga baya ya daina ɗauka. Wata safiya asibiti suka kira shugaban ƙungiyar ɗalibanmu, wanda muke ce wa Ciyaman, shi kuma ya turo matarsa ta tsaya a bakin ƙofata da takunkumi biyu a fuska. Maƙwabtanmu ne, bene ɗaya, Maman Biyu muke kiranta saboda tagwayenta. Ba ta iya shigowa ba, ba ta iya rungume ni ba. Daga nesa ta ce, “Yaya, sai haƙuri,” muka durƙusa ita a waje ni a ciki.

Ba a yi masa wanka ba, taimama aka yi a kan ledar da aka naɗe shi. Ma'aikata ne suka saka shi a kabari. Ciyaman da mutum biyu suka tsaya can nesa suka yi masa sallah. Bayan kwanaki aka kawo mini kayansa a leda, da carbi da hula da waya. Da yatsansa yake buɗe wayar, yatsan kuwa yana ƙasa. Lambar ma ban sani ba, ban taɓa tambaya ba. Ko da na buɗe, na san hoton mutane zan tarar.

Na shiga takaba a ɗakin nan, ni kaɗai da Turawan bango. Jirgin zuwa gida ba ya samuwa, in an samu a soke. Matan ƙungiya suna ajiye mini abinci a ƙofa su ƙwanƙwasa su ja baya. Da sako-sako ya samu, bayan an yi mini allurar rigakafi sau biyu, Maman Biyu ta fara shigowa tana taya ni zama.

Kullum bayan azahar ta nan, wato da sassafe a gida, ina kiran Inna. 'Yar ƙaramar waya gare ta mai maɓalli, murya kawai. Ba ta taɓa yin kuka a kunnena ba. Wata rana ta ce, “'Yar nan, in za ki taho ki zo mini da hotonsa na can. An ce ya yi furfura. Ni ban san shi da furfura ba.” Sannan ta ce, “Auta ma tana tambaya. Na nuna mata na aurenku ta ce wannan ba Babanta ba ne, yaro ne.” Autarmu tana shekara uku muka bar ta.

Na ce, “Inna, zan kawo.”

Na faɗa ne kafin in yi tunani. Da na ajiye wayar na ɗaga kai na kalli saman kwaba.

Na tura wa matan ƙungiya saƙo, kowace ta duba wayar mijinta. Suka duba da gaske, ba na musu. Ba a samu ba. A nan na faɗa musu abin da na buɗe wannan rubutu da shi, kuma ban tausasa ba. Wasu suka ji haushi, wata ta ce baƙin ciki ne ke sa ni. Na ce baƙin ciki ne, amma ku nuna mini hoton.

Ana haka Ciyaman ya zo da labari. Zamana a ƙasar a kan takardar Malam yake, dole in tafi, kuma an samu gurbi a jirgin ƙarshen mako. Ya tsaya a bakin ƙofa da takunkumi, Maman Biyu tana ciki tana taya ni naɗe kaya. Mutumin kirki ne, injiniya, ya rame saboda wahalar jama'a. Na ɗauko kyamarar na miƙa masa, na ce don Allah a kai Sentul a wanke fim ɗin da ke ciki kafin in tafi.

Ya jujjuya ta ya ce, “Hajiya, kin tabbata ma akwai fim a ciki? Bari mu duba.” Ya sa farce yana neman inda ake buɗe bayan.

Ban san lokacin da na fizge ta ba. Ina takaba, bai kamata hannuna ya kusanci nasa ba, amma na fizge. Na ce, “Kada ka kuskura. In ka buɗe ka kashe shi.”

Ya ja baya ya ce, “Yi haƙuri, ban sani ba.” Ya gyara takunkumi. “To ki tafi da ita haka nan, a wanke a gida. Gobe ina ofishin shige da fice, jibi gwajinki na korona, gata tikiti da awon kaya. Ga wani ɗalibi a asibiti. Wallahi ba ni da sararin Sentul, yaran ƙungiya ma duk na rarraba su.”

Na ce a gida wa ya rage yana wankin fim? Mai gidan Malam na Fagge ya rasu, shagon ya koma na cajin waya. Ko da akwai, sai kyamarar ta wuce injin filin jirgi a nan, ta wuce na inda za mu yada zango, ta iso gaban ɗan kwastan ɗinmu. Na ce, “Kai da digiri biyu yanzu ka sa farce. Shi kuma in ya ga mace ita kaɗai da baƙin akwati tana cewa ba a buɗewa, me kake tsammani zai yi?”

Ya ce, “Hajiya, in sha Allahu ba abin da zai faru.”

Na ce, “Haka aka ce mini ranar da motar asibiti ta zo.”

Ya ce zai duba in an samu wani, ya tafi. Na san irin wannan zan duba, na sha yi wa mutane ita ni ma.

Da ya sauka na ce wa Maman Biyu ni zan kai da kaina. Ta ajiye zanen da take naɗewa.

“Haba Yaya. Kina takaba?”

“Ina takaba.”

“Ki hau jirgin ƙasa, ki shiga shagon namiji, Basine, saboda hoto? Ki bari a ce matar Malam ta fita yawo kwananta bai cika ba? Kin san bakin matan nan, kafin ki sauka Kano labarin ya riga ki.”

“Ya riga ni ɗin. Ya gaishe su.”

“Ba wasa nake ba. Ai lalura aka ce. Asibiti, ko abinci in ba mai kawowa. Hoto ma da malamai suke magana a kansa.”

Na ce, “Maman Biyu, hoton tagwayenki na ranar suna da ke bangon falonki, wa ya ɗauka? A ranar ba ki tuna da malamai ba.”

Ta sunkuyar da kai. Na ga na soke ta, ban kuma ce ta yi haƙuri ba. Na ce ni ma na zauna a islamiyya, da girmana, kuma abin da aka koya mana shi ne mai takaba ta kwana a ɗakinta, ta bar ado da ƙamshi, in buƙata ta kama ta fita da rana ta dawo. Na ce jirgin saman da za su saka ni ranar Asabar, in zauna kusa da mazan da ban sani ba har wata ƙasa, shi ba fita ba ne? Wannan lalurar takarda ce, sun yarda da ita. Tawa lalurar tsohuwa ce da ta haifi ɗa ba ta ga tsufansa ba, da yarinyar da ba ta san fuskar ubanta ba.

Ta ce a hankali, “To in kin je aka wanke bai fito ba fa? Ke kika ce ya motsa.”

Wannan ita ce tambayar da nake gudu tun ranar da na yi wa Inna alkawari. Fim ɗin ya fi shekara a cikin zafi da laimar garin nan. Hannuna na farko ne. Kuma ya yi dariya. Na kalli mutumin bango mai shafaffiyar fuska. Malam ya taɓa cewa duk hoton shi ya fi so, don shi kaɗai ne ake gane yana da rai a lokacin.

Na ce, “In bai fito ba zan kai wa Inna shuɗiyar riga da hula da farin gemu a dagule, in ce mata dariya yake yi. In ma baƙi ƙirin ya fito, na dai san a ɗaki mai duhu aka buɗe shi, a hannun wanda ya san aikin.”

Ta tashi ta ce za ta je ta ɗora wa yara abinci. A ƙofa ta ce, “Ni dai ban ce ki je ba.” Na ce na ji, kuma zan shaida mata a gaban kowa.

Kafin magariba na nemo ambulan ɗin shagon a cikin jakar kyamara, akwai lambar waya a jiki. Na kira. Tsohon ya ɗauka. Na harhaɗa Turancina da 'yan kalmomin kasuwa, na ce ni ce matar malamin nan baƙi dogo mai hula. Ya gane shi nan take, ya tambayi ina ya shiga kwana biyu. Na gaya masa. Sannan na ce akwai fim a kyamara, ban iya cirewa ba, kuma Asabar zan bar ƙasar. Ya ce, “Boleh,” wato zai yiwu. Ya ce in kawo ta yadda take da safe, kada in bar kowa ya buɗe, jibi in dawo in karɓa. Ya maimaita kada a buɗe har sau biyu. Na ce masa wannan na sani, an koya mini.

Na ɓamɓare hoton Turawan daga bango na saka a tsakiyar littattafan Malam da za a auna. Farin gurbi ya rage a inda yake.

Washegari bayan na karya, na sa doguwar rigar da nake takaba da ita da baƙin hijabi, ba kwalli ba turare, na ɗaura takunkumi. Na naɗe kyamarar a cikin shuɗiyar rigarsa na saka a jakar cefane, na ɗauki lema da katin jirgi. Ban bi ta bayan bene ba. Na tsaya a ƙofar Maman Biyu na ƙwanƙwasa, ta buɗe da ludayi a hannu.

Na ce, “Na fita Sentul. Kafin la'asar ina ɗakina.”

Ta kalli jakar, ta kalle ni. Ta ce, “Layi ɗaya ne, kada ki sauka a hanya ki canza. Ki riƙe jakar a gaba.”

Na sauka na miƙe tasha. An auna zafin goshina a ƙofa, na nuna shaidar allura a waya, na wuce. Jirgin ya zo kusan ba kowa, kujeru an yi musu alamar inda ba a zama. Na zauna kusa da taga, na ɗora jakar a cinya na rufe ta da hannu biyu, ƙofa ta rufe muka tashi.